Rairayin da ke Tafiya

Ya ku 'yan makaranta, kun sha ji a darasin labarin ƙasa cewa hamada tana arewa da mu, har waɗansunku na zaton sai an wuce Agadas kana a gan ta. To, a cikin Nijeriya ma akwai tuddan rairayi waɗanda suka fi bene tsawo, mun kuwa taka su da ƙafarmu.

A hutun Disamba na 2022 muka tashi daga Chikaji da asuba, mu da uwargida da ɗanmu mai shekara takwas. Muka bi ta Kano da Haɗejiya, muka kwana Nguru, inda hanyar jirgin ƙasa da aka jawo daga Kano a 1930 ta tuƙe. Kashegari muka wuce Gashuwa, muka doshi Yusufari a Jihar Yobe. Tun a hanya ɗorawa da mangwaro suka yi ta raguwa, sai aduwa da goriba. A Yusufari muka sake mota, direba ya rage iskar tayoyi don kada mu kafe, ya nufi Tulo-tulo da mu.

Kai, wurin nan abin kallo ne! Tudu bayan tudu iyakar ganinka, a tsakaninsu kuwa ga kwari kore shar, da dabino da goriba, ana tono kaɗan a sami ruwa. Yaro ya tuɓe takalmi, ya hau ya gangaro, ya sake hawa, uwarsa tana ta kiransa. Can sai muka ga ya tsaya cik gaban wata goriba wadda rairayi ya ci har wuya. Ya ce, "Baba, wa ya binne itacen nan?"

Wani dattijo Bamange da ya yi mana jagora ya ce, "Samari, iska ce. Sa'ad da nake kamarka, nan gonar gero ce, akwai rijiya ƙarƙashin inda kake tsaye." Yaro ya dubi ƙafafunsa, ya yi shiru.

Ga yadda abin yake. Rairayin nan daɗaɗɗe ne, dā ciyawa da saiwoyin itatuwa suka ɗaure shi wuri ɗaya. Da aka yi farin 1973 da na 1984, ga kiwo ya yi yawa, ga saran itace, sai ƙasa ta zama tsirara. Iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas, takan kwashi rairayi daga bayan tudu, ta haye da shi, ta zubar a gabansa. Da haka tudu ke rarrafe kaɗan kaɗan, har ya danne gona da rijiya da ɗaki, masu su kuwa su ɗaura kaya su yi kudu.

Kada ku ce ina ruwan Zariya, mu da ruwan samanmu ya ninka nasu. Hazon da kuke sharewa daga kan bencinku da hunturu, yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin dā. Iskar da ke tura tuddan Yusufari ita ce ke kawo mana shi.

A 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin dasa shingen itatuwa tun daga Senegal har Jibuti. Amma takardar shugabanni ba ta shayar da dashe, sai mai guga. Saboda haka muna roƙonku, in damina ta faɗi kowa ya dasa darbejiya ko kuka guda a gidansu ko a filin makaranta, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ya ba ta ruwa har ta ƙetare rani biyu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.