Loma Uku a Kwanon Inna

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, Inna ta turo mini kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe kamar yadda ta saba. Na yi loma uku na tsame hannu. Ta dubi kwanon, ta dube ni.

"Auta, miyar ce ba ta yi ba, ko wani abu ke damunki a gidan mijinki?"

Na ce, "Wallahi Inna na ƙoshi ne." Ba ta yarda ba. A gidanmu idan mace ta yi ƙiba sai a ce hankalinta a kwance yake, idan ta rame kuwa sai a fara cigiyar dalili.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, wata biyu ke nan ina yi wa kaina allura. Sugana ya ƙi sauka duk da ƙwayoyin metformin da nake sha, nauyina kuma ya wuce kilo 100. Likita ya rubuta mini semaglutide, wanda kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ke sayarwa da sunan Ozempic, kuma Amurka ta amince da shi a 2017 don masu ciwon suga nau'i na biyu. Kamar biro yake, ana tsira shi a fatar ciki ko cinya sau ɗaya a mako. Da ɗan kaɗan aka fara mini, miligiram 0.25 na mako huɗu don jiki ya saba, sannan aka ƙara zuwa 0.5.

Likitan ya ce maganin yana kwaikwayon wani sinadari ne mai suna GLP-1 da hanji ke saki bayan an ci abinci. Yana sa abinci ya daɗe a ciki, ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya kuma taimaka wa jiki ya fitar da insulin idan suga ya hau.

Ba banza na samu wannan sauƙin ba. Makon farko ko ƙamshin suya na ji sai zuciyata ta tashi. Kuɗinsa yana cinye kaso mai tsoka na albashina. Yana son sanyi, mu kuma ba mu da tsayayyar wuta, don haka a firjin maƙwabciyata mai sola yake kwana. Ga tsoron jabu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kai a 2024. Likita kuma bai ɓoye mini ba: idan na daina, yunwar za ta iya dawowa, dole in gyara cimata in riƙa tattaki.

Duk wannan na jure. Abin da ya gagare ni shi ne fuskar Inna. Tun rasuwar Baba, girki ne ya rage mata hanyar nuna mana ƙauna. Baba kuwa ciwon suga ne ajalinsa, bayan an yanke masa ƙafa.

Da za mu rabu na fito da wayata na nuna mata hoton allurar. Na ce, "Inna, ciwon Baba ne ya kama ni. Ina so in ga auren jikokinki da ƙafafuna biyu."

Ta yi shiru har na zaci fushi ta yi. Can ta ce, "Allah Ya ba ki lafiya. Me ya sa kika ɓoye mini?"

Juma'ar da ta biyo baya, ta fito da ɗan kwanon da nake ci a ciki ina yarinya. Tuwon dawa ne ɗan mulmule ɗaya, da miyar kuka, da kwaɗon zogale a gefe. Ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin unguwa. Na cinye tas. Ta ɗauki kwanon ta leƙa ciki, ta ce, "Yauwa."