Mudun Mutane da Ma'aunin Ubangiji

A shekarar 1905 wani masani a Faransa mai suna Alfred Binet, tare da abokin aikinsa Théodore Simon, ya tsara gwajin basira domin a gano yaran makaranta da ke bukatar ƙarin taimako. Binet bai yarda cewa basira abu ce tsayayya wadda ba ta ƙaruwa ba. Amma da gwajin ya isa Amurka, sai aka mai da shi mudun auna darajar mutum. Daga 1917 aka gwada sojoji fiye da miliyan ɗaya, da tambayoyin da wasunsu sai wanda ya tashi a ƙasar zai iya amsawa. Baƙi da yawa suka faɗi, aka ɗauke su dakikai.

Daga baya James Flynn ya nuna cewa a ƙarni na 20 makin gwajin ya riƙa hawa da kusan 3 kowace shekara 10. Kakanni ba wawaye ba ne. Makaranta da abinci da yanayin rayuwa ne suka sauya. Gwaji yana auna abin da aka tambaya a ranar da aka tambaya. Ba ya ganin haƙuri ko riƙon amana, balle tsoron Allah.

Mu ma muna da namu mudun. A hidimata na ga matasa da suka daina zuwa sujada don kunyar makin JAMB, na kuma ji iyaye suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Irin wannan magana takan zauna a zuciyar yaro shekaru da yawa.

Ka tuna da Sama'ila a gidan Yesse. Eliyab ya cika masa ido, amma Ubangiji ya zaɓi Dawuda, ƙaramin da aka bari a wajen kiwo. Majalisa ta ɗauki Bitrus da Yohanna marasa ilimi, duk da haka ta bakinsu bishara ta bazu.

Ka yi karatu da dukan ƙarfinka, gama basira baiwa ce da za ka ba da lissafinta. In ka faɗi, ka sake zama. Amma darajarka ta tabbata tun kafin ka riƙe alƙalami, domin cikin kamannin Allah aka halicce ka, da jinin Almasihu kuma aka fanshe ka. In kai uba ne ko uwa, ka faɗa wa ɗanka wannan kafin sakamako ya fito.

Ya Ubangiji, ka koya mana mu dubi 'ya'yanmu yadda kake dubansu. Amin.