Shekarar Kulle a Birnin Zazzau

Ranar 26 ga Maris, 2020, gwamnatin Kaduna ta sa dokar kulle saboda korona. A cikin birnin Zariya da yawa muna cewa ciwon masu hawa jirgi ne, har da Gwamna Nasiru El-Rufai ya sanar cewa ta kama shi. Jikinmu bai yi sanyi ba sai da Juma'a ta zo, masallacin fada da Babban Gwani ya gina yana rufe, kowa ya yi azahar a zaurensa.

Azumi ya same mu a haka: tafsiri a rediyo, asham a tsakar gida. Unguwarmu ta maɗinka ce, masu zaman watanni kan aska takwas a babbar riga. A wannan lokaci ne suke samun na shekara, ga shi babu mai kawo ɗinkin Sallah. Sai suka koma kan ƙyallayen shadda da atamfa suna ɗinka takunkumi, mai kuɗi ya saya, marar shi a miƙa masa. Wani maƙwabcinmu ya huda bokiti ya sa masa famfo, ya ajiye da sabulu a bakin lungu.

Yunwa ta fi cutar ba mu tsoro, domin mai dako da mai tura ruwa sai sun fita suke ci. Mata ne suka rufa asiri. Ta kan katanga kwanon kunu da ƙosai ke tsallakawa, uwar gida na cewa, "Ungo, Yaya, ba yawa."

Sallah ta zo babu hawa, babu tambari. A watan Satumba kuma Sarki Shehu Idris ya rasu bayan shekara 45 a sarauta, jama'a suka yi dafifi a fada, aka manta da tazara.

Idan ana maganar kayan tarihin Zazzau, ganuwa da takubba ake nunawa. Ni ina ganin takunkumin atamfa da bokitin nan sun cancanci wuri a gidan tarihi, tare da muryoyin matan da suka ciyar da unguwa. Yaran da aka haifa a shekarar sun shiga makaranta. Gara a tattara kayan yanzu, kafin mai gwangwan ya saye bokitin.