Fenti Mai Kauri

Ɗan mutum-mutumi na farko da na yi wa fenti, da hannuna na ɓata masa fuska. Mayaƙi ne na roba, tsawonsa bai kai rabin ɗan yatsa ba, sanye da sulke da kwalkwali, riƙe da takobi. Na dangwalo fenti daga kwalba na lafta masa. Da ya bushe, babu ido babu hanci, zanen garkuwarsa ma ya nutse.

A birnin Nottingham na ƙasar Ingila abin ya faru, ina shekara ta biyu a jami'a. Nan ne hedikwatar kamfanin Games Workshop, wanda ya fito da wasan Warhammer a 1983. Wasan yaƙi ne na duniyar tatsuniya: a jera runduna a kan tebur, a auna tafiyarta da ma'auni, a jefa 'ya'yan ludo don sanin wanda sara ya samu. Mayaƙan kuwa ba su da launi idan aka sayo su. Mai wasa ne ke harhaɗa su ya yi musu ado.

Maƙwabcin ɗakina ne ya ba ni guda, ganin na yi mako biyu ban leƙa waje ba. Bai san dalili ba. Jarrabawa biyu na faɗi, kuma duk sanda Baba ya kira daga gida, sai in ce komai lafiya lau. Fili ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta.

Na kai ɓarnata wani shago inda masu wannan sha'awa ke haɗuwa da yamma. Wani dattijo ya jujjuya ta a tafin hannunsa, ya ce fuskar tana nan, rufe ta kawai na yi. Ya sa na jiƙa mayaƙin a sifirit, na goge shi da tsohon buroshin haƙori. Fentin ya saɓule, sai ga ido da hanci yadda maƙerinsu ya zana su.

Daga nan ya koya mini aikin daki-daki. Da farko akwai shafen share fage, wanda ke sa launi ya kama roba. Sannan a tsinka fenti da ɗigon ruwa, a shafa sau biyu ko uku, ana jiran kowace shafa ta bushe. Ta farko muni gare ta, domin ana hango abin da ke ƙasa, kuma a nan ne mai gaggawa ke ƙara kauri ya yi asara. Bayan haka a zuba launi mai duhu, ruwa-ruwa, ya gangara cikin lunguna ya zama inuwa. Sai a share buroshi a takarda har ya kusa bushewa, a wuce da shi a hankali kan sulke, gefuna su ɗauki haske. A ƙarshe a fesa man kariya, saboda mayaƙin na tebur ne, hannaye za su yi ta ɗaukarsa.

Dare huɗu na yi a kansa. Idonsa na hagu ya ɗan karkace, na bar shi haka. A dare na huɗun, ina jiran shafa ta bushe, na ga cewa abin da na yi wa mayaƙin nan shi nake yi wa kaina: kowace "lafiya lau" wata lafta ce, har na kusa rasa fuskar da zan dubi mahaifina da ita.

Na kira shi bayan sallar asuba. Ya yi shiru mai tsawo, har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaushe za ka sake rubutawa?" Na ce a watan Agusta. Ya ce, "To, Allah ya taimaka. Kada ka ƙara ɓoye mini."

Na sake rubutawa, na ci, na kammala digirina. Mayaƙin yana kan teburina har yau. Bakin takobinsa ya ɗan goge saboda yawan wasa, ban kuwa gyara ba.