Doki da mahayinsa: zaman amana tsakanin mutanen Adar da iskoki

 Yau za mu taɓo maganar da kowa ya sani amma ba a son faɗa a bainar jama'a, wato zaman da kakanninmu sunka yi da iskoki.

Mu dai mun tashi mun iske mafi yawan gidajenmu ana salla ana azumi. Amma a zuri'a da yawa, in ka tona, za ka taras akwai wata kaka ko gwaggo mai ƙwarya a ƙuryar ɗaki wadda ba a bari yaro ya taɓa, ko akuyar da ba a saidawa ko da yunwa ta yi tsanani. In an tambaya, sai a ce ta masu abu ce. Daga nan a yi shiru.

Abin da muke so a lura da shi shi ne yadda wannan zama yake tafiya. A wajen 'yan bori, mutum ba ya tashi rana ɗaya ya ce yana son iska. Galibi ciwo ne ke fara zuwa: ciwon da ya ƙi jin magani, ɓari a kai a kai, mutuwar 'ya'ya, ko firgita cikin dare. Sai masana abin su ce iska kaza ce ke neman mutumin, ko kuma ta gidansu ce da anka yi watsi da ita. Sannan a yi girka, a killace mutum kwanaki ana ba shi magunguna na itace, ana goge ana kaɗa ƙwarya, har iskar ta bayyana sunanta ta faɗi abin da take so. Daga ranar, namiji ya zama doki, mace ta zama goɗiya, iska kuwa mahayi.

To, a nan ne nauyin yake farawa. Kowace iska da halinta da kayanta. Malam Alhaji mai fararen tufafi ne. Ɗan Galadima ɗan sarauta ne mai ado da kyauta. Sarkin Rafi na wajen ruwa ne. Doguwa kuwa akwai fara akwai baƙa, kowace da kalar dabbar da ake keɓe mata. Doki zai tanadi tufafin mahayinsa, ya yi masa yanka in lokaci ya yi, ya halarci wasa in an kira, ya kiyaye abin da anka hana shi. A imaninsu, iska ita ma tana da nata bashin: ta bar shi ya samu lafiya, ta tsare gida da gona, ta yi gargaɗi in masifa na tafe. In doki ya yi sakaci, ciwo ya dawo. In kuma mai shi ya rasu, sukan ce iskar tana neman wani cikin zuri'arsa.

Duk macen Adar ta gane wannan lissafi, don kama yake da na biki. Kin kai wa ƙawarki gudummawa ranar suna, ita ma ta ƙara ta maido miki ranar naki, haka nan ba a taɓa rufe bashin, don in an rufe shi ƙawancen ya ƙare. Zumunta a ƙafa take, in ji Bahaushe. Haka tsofaffi sunka ɗauki iskoki: maƙwabta ne da ba a gani, masu fushi da jin daɗi, waɗanda ake lallaɓawa shekara da shekaru.

Wannan abu ba ɓoyayye ba ne ga masu bincike. Wata Bafaranshiya, Nicole Echard, ta daɗe tana aiki a ƙasar Adar, ta fitar da littafi kan borin Adar da Kurfai a 1989. Tun 1914 wani Bature, Tremearne, ya rubuta yadda Hausawan Tunis da Tarabulus ke riƙe da borinsu a can nesa da gida. Kuma iskokin suna bin zamani. A 1925, a Shikal ta wajen Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fito da sababbin iskoki masu kwaikwayon sojoji da gwamnonin Nasara, waɗanda ake kira Babule ko Hauka. Turawan mulkin mallaka sunka kama mabiyanta sunka kulle. Su ne Jean Rouch ya ɗauka a fim a birnin Akara, fim ɗin ya fito a 1955. Wato mutanen da mulkin Faransa ya danne sun nemi hanyar zama da ƙarfin da ya fi su, ta irin dabarar da sunka gada.

Akwai kuma ɓangaren ƙasa. Tsamiya ko kukar da anka ce gidan Doguwa ce, babu mai sa mata gatari. Kafin a sari sabon daji sai an nemi izinin masu wurin. Ko mutum bai yarda da iska ba, ya san itatuwa da yawa sun tsira ta haka. Bayan farin 1973 da na 1984, sai da anka zo da manyan ayyuka kafin ƙasarmu ta farfaɗo: layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Magiya tun 1975, da aikin Keita da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984, inda matanmu sunka yi ta ɗaukar duwatsu a ka. Darasin bai canza ba: ƙasa ba ta jure a yi ta ci ba a maida mata komi.

Mun san hukuncin malamanmu a kan wannan, kuma ba mu zo jayayya da shi ba. Yanka don wanin Allah shirka ne, tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ake wa'azi a kai, kuma wa'azin ya ƙara ƙarfi bayan kafuwar Izala a Jos a 1978. Wasan bori ya ja baya a garuruwa da yawa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: neman iskoki bai ƙare ba, kamanni ya sake. Yau buɗe Facebook ko TikTok ka ga masu cewa suna da aljanin da ke kawo kuɗi cikin kwana uku, a turo jaka hamsin ta waya kawai. Tsohuwar magajiyar bori a cikin gari take zaune, an san gidanta, an san 'ya'yanta, in ta cuci mutum gobe za su haɗu a bakin rijiya. Wannan na waya kuwa, da kuɗi sun shiga, lamba ta mutu. Samarinmu masu cin rani, da matan da anka bari a gida da ɗawainiya, su ne ke faɗawa hannunsu.

Shi ma tsohon tsarin yana da nasa ciwo. Girka tana cin kuɗi: makaɗa, dabbobi, tufafi, abinci. Akwai matan da sunka saida ɗan abin hannunsu, alhali ciwon nasu farfaɗiya ce, ko hawan jini, ko damuwar da ta taru a zuciya. Yaro mai zazzaɓi yana sanƙarewa, wurinsa likita ne, kuma cikin gaggawa. Asibitocin Buza, Madawa, Keita da Galmi suna nan. Jinkirin kwana biyu ana jiran a ji bakin iska yana iya cin rai.

Abin da muke roƙo guda biyu ne. Na farko, mu daina wulaƙanta tsofaffin da sunka rayu cikin wannan al'ada. Kakanninmu ne, su sunka goya mu. A zauna da su a ji sunayen itatuwan magani da tarihin wuraren da ake tsoro, don kowace shekara muna binne wasu da abin da ke kansu. Mai wa'azi ma ya fi samun shiga in ya zo da ladabi. Na biyu, duk wanda ya ce maka zai haɗa ka da aljani ka yi arziki dare ɗaya, ka tuna ko su 'yan borin asali ba su taɓa cewa ana samu a ɓagas ba. A wajensu wanda ya karɓa sai ya biya, har tsawon ransa.

Ku kuma a garinku yaya abin yake? Akwai sauran itacen da ba a sarewa? Ku rubuto muna a ƙasa, amma don Allah ban da zagi, ban da kama sunan kowa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.