Daga Ikko Zuwa Elmina: Kwana Tara A Gaɓar Teku

Mutumin Arewa in ya sami hutu, gida yake nufa. Ma'aikacin da ke Ikko da zarar an sallame shi sai ya ɗaure kaya, ya ba teku baya, ya kama hanyar Kano ko Sakkwato. Akwai waɗanda suka shekara 20 a Agege ko Idi-Araba, 'ya'yansu ba su taɓa tsoma ƙafa a ruwan gishiri ba, alhali kuwa ga shi nan a bayan gari. Abin da ya sa ke nan a hutun ƙarshen shekarar 2023 na ce wa maiɗakina bana kam yamma muka yi. Muka ɗauki yaranmu biyu da Inna, mahaifiyata, wadda ta zo mana ziyara daga gida, muka hau titin nan da ya bi gaɓar Tekun Atlantika ya ratsa Binin da Togo har cikin Gana.

Wanda duk ya yi niyyar wannan tafiya ba ya bukatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90. Amma fa ya riƙe fasfo, da katin allurar shawara, da takardun mota, da inshorar ECOWAS. Ya kuma riƙe haƙuri, don tsakanin Badagiri da kan iyakar Seme shingaye ne birjik, kowanne da 'yar tambayarsa. Tafiyar da ba ta kai ta rabin sa'a ba sai ta cinye mana hantsi.

Mun sauka Kwatano da la'asar, garin da masu babur sanye da riguna rawaya suka cika kamar fara. A unguwar Zango muka canza Naira zuwa Sefa, kuma da Hausa aka yi cinikin tun daga sallama har addu'ar rabuwa. Inna ta dube ni ta ce, "Kai da ka ce Faransanci suke yi, ashe ba mu bar gida ba."

Kashegari muka yi Wida, wajen kilomita 40 yamma da Kwatano, kuma a nan ne tafiyar ta tashi daga yawon shan iska ta koma wani abu dabam. Daga tsakiyar garin akwai wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 4 da ta miƙe har bakin teku. Ta nan aka riƙa kora bayi a ɗaure zuwa jiragen Turawa. A ƙarshenta aka gina wata babbar ƙofa a shekarar 1995 don tunawa da su, ana kiranta ƙofar da ba a komowa. Bayanta babu kome sai rairayi da ruwa iyakar ganin mutum.

Mu 'yan Arewa mun saba ɗaukar cinikin bayi na teku tamkar labarin wasu ne, na mutanen Kurmi da Turawa. To, ba haka ba ne. A farkon ƙarni na 19, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka game ƙasar Hausa daga 1804, kamammu da yawa an gangaro da su ta ƙasar Oyo, hannu zuwa hannu, har wannan gaɓa, aka haye da su Bahiya ta ƙasar Barazil. Can ɗin ma ba su kwanta ba. A 1807 hukumar birnin Salbado ta bankaɗo wani shirin tawaye na Hausawa, sa'an nan a watan Janairu na 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. An sami layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Watau dai almajirai ne, masu allo da tawada irin namu. Bature ya saya, gaskiya ne, amma ba shi ya je Gobir ko Zazzau ya kamo su ba, kuma wannan ita ce maganar da ba mu cika son a tayar ba.

Babban ɗana, mai shekara 9, ya tambaye ni, "Baba, da ƙafa suka zo daga garinmu?" Na ce masa da ƙafa. Ya yi shiru yana lissafi, don ya san mu a mota ma yini guda cur muke yi kafin mu isa gida daga Ikko.

A Giran-Popo, kusa da iyakar Togo, muka kwana biyu, nan ne kuma yara suka more. Itatuwan kwakwa sun yi layi, iska na kaɗawa ba dare ba rana, ruwan kuwa ɗumi gare shi kamar an sirka, a watan da mutanen Jos ke kwana da garwashi. Da safe masunta su 30 ko fiye sukan ja taru daga cikin teku, suna waƙa suna ja da baya, aikin sa'o'i, mata na jira da kwanduna. Sai dai ina gargaɗin mai karatu: tekun wannan gaɓa ba rafin ƙauye ba ne. Igiyarsa takan doki mutum ta kayar, in za ta koma ta janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Iyakar idon sawu muka yardar wa yara, hannunsu cikin namu. Inna kuwa tana can nesa bisa tabarma, carbi a hannu, ta ce ita ruwan da ba a ganin ƙetarensa ba ta wasa da shi.

Togo ba ta da faɗi ta bakin teku, kilomita 50 da 'yan kai ne kawai. Mutum zai mayar da agogonsa baya da sa'a ɗaya, ya wuce Aneho, kafin ya gyara zama ga shi a Lome, babban birnin da ya jingina da kan iyaka, har titin bakin tekunsa ya ƙare a ƙofar shiga Aflawo ta Gana. Daga nan muka haye kogin Bolta ta gadar Sogakofe, muka shiga Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara.

A unguwar Nima muka yi masauki. Jikokin fataken goro da na sojojin da Ingilishi suka kawo suna nan da Hausarsu mai gardi, wadda ta ɗan sha bamban da tamu. Abin da ya fi ba maiɗakina dariya shi ne abinci. Shinkafa da wake ta zama "wace", ƙosai ya zama "kose", kokon safe kuwa kowa a birnin, Musulmi da Kirista, da sunan Hausawa yake kiransa. Tuwon zafi ma yana nan da sunansa.

Zangonmu na ƙarshe Elmina, kimanin kilomita 150 yamma da Akra, gaba kaɗan da Kef-Kwas. Turawan Fotugal suka gina ganuwar garin a 1482 don cinikin zinariya, 'yan Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingilishi a 1872. Fara ce fat, kyakkyawa daga nesa. A ciki, gwamna yana sama inda iska ke shiga, majami'a tana tsakar gida, kurkukun bayi yana ƙasa, duhu da zafi da wani wari da har yau bai gama fita ba. Ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi ƙunci gare ta, sai mutum ɗaya, shi ma a karkace. Maiɗakina ta tsaya da ƙaramar a waje. Inna, wadda na zaci za ta ƙi, ita ta riga mu shiga, ta daɗe a tsaye tana karanta Ƙulhuwallahu, ta ce ko ba a san sunansu ba ai Mai su ya sani.

Ranar Talata ce, ranar da masuntan wannan gaɓa ba su fita kamun kifi bisa al'adarsu, saboda haka kwalekwale ɗaruruwa, masu fenti da tutoci, suna ɗaure a bakin ganuwa, maza na zaune suna ɗinkin taru. La'asar ta yi, Inna ta tambaya ko alwala na yiwuwa da wannan ruwa. Na ce mata malamai sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne. Sai ga ta ta taka a hankali, jikanta na riƙe da ita, har inda kumfa ke ƙarewa. Da ta kurkure baki ta yamutsa fuska, yara suka fashe da dariya. Bayan ta sallame ta sa aka cika mata gora guda, ta ɗaure bakin da leda, ta ce za ta kai wa maƙwabtanta su ɗanɗana da kansu, don in da baki ta faɗa ba mai yarda.