Daren Asabar a Disneyland, Safiyar Lahadi a Majami'a

A watan Yuli na shekarar 2023 Allah ya buɗe mana hanya, ni da uwargidana da 'ya'yanmu biyu, muka kai wa ƙanena ziyara a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Mun sauka ran Laraba. Kashegari faston ikkilisiyarsu ya zo yi mana barka da zuwa. Da zai tafi sai ya roƙe ni in tsaya a sujadar farko ta ran Lahadi, ƙarfe 8 na safe, in kawo gaisuwar 'yan'uwa na gida, in kuma ba da labarin aikin Ubangiji a ƙasarmu na minti goma. Na ce masa, "To, da yardar Allah." A ran nan kuma ƙanena ya nuna wa yara tikitin da ya saya musu tun kafin mu zo. Ran Asabar za mu Disneyland.

Daren Jumma'a uwargida ta goge tufafinta na sujada da na yara, ta rataye, ta jera takalma a bakin ƙofa. Ta ce, "Maigida, kawo babbar rigarka in goge, ka kuma zauna ka rubuta abin da za ka faɗa." Na ce mata ta bari, gobe in mun dawo da yamma zan yi duka.

Wurin da ya fi ƙarfin labari

Disneyland yana a garin Anahaim, kamar mil 25 kudu maso gabas da birnin Los Anjalis. Wani mai yin finafinan zane, Walt Disney, shi ne ya gina shi, aka buɗe ran 17 ga Yuli, 1955. Dā gonakin lemo ne a wurin, wajen eka 160. Mutumin ya rasu a 1966, amma har wa yau akwai fitila da ake bari tana ci a tagar wani ɗan ɗaki a bisa ofishin 'yan kwana-kwana na wurin, inda yakan kwana, domin tunawa da shi.

Mun bar gida ƙarfe 6 da rabi na safe, yara kuwa tun kafin ƙararrawa ta kaɗa sun tashi sun yi wanka, ba wanda ya tashe su. Sa'ad da aka buɗe ƙofa ƙarfe 8 muna cikin taron.

Jama'a, gani ya kori ji. Da shigarka za ka sami kanka a wani titi mai kantuna dama da hagu, an gina shi kamar ƙaramin garin Amurka na shekara ɗari da suka wuce. Magina sun yi wata dabara: benen sama sun yi shi ƙarami fiye da na ƙasa, domin idon mai kallo ya ga gidan ya fi yadda yake tsawo. A ƙarshen titin ga wata fada irin ta tatsuniya. Tsawonta ƙafa 77 ne kawai, amma ka ce ta taɓa gajimare. Akwai jirgin ƙasa mai tururi da yake kewaya wurin duka.

Muka shiga wani jirgin ruwa da yake ratsa kurmi, ga giwaye suna wanka, ga dorina tana buɗe baki, ga kada. Dukansu na roba da ƙarfe ne, inji yake motsa su. Ɗana, mai shekara 7, ya riƙe hannuna gam. 'Yata, mai shekara 11, wadda ta taɓa zuwa Yankari tare da 'yan makarantarsu, ta ce, "Baba, waɗannan giwayen ba su da wari." Muka yi ta dariya. Muka shiga wani kwalekwale kuma da ya bi da mu cikin 'yan tsana ɗaruruwa, kowace da tufafin ƙasarta, suna rawa suna rera waƙa guda. An fara nuna wannan a babban bajekolin duniya na birnin Niyok a 1964, sa'an nan aka kawo shi nan a 1966.

Akwai kuma wanda suke kira Space Mountain, wanda aka buɗe a 1977. Ƙaramin jirgi ne a kan dogo mai hawa da gangara, yana gudu cikin baƙin duhu. Mun tsaya a layi fiye da sa'a guda, gudun kuwa bai wuce minti uku ba. Da na sauko sai da na nemi benci na zauna, ƙafafuna suna rawa. Haka yinin ya tafi: layi, rana, tafiya, layi.

"Maigida, gobe fa Lahadi ce"

Wajen ƙarfe 6 na yamma uwargida ta jawo ni gefe ta ce, "Maigida, mu tafi gida haka. Dubi idon yaran nan. Gobe fa Lahadi ce."

Gaskiyarta. A watannin zafi agogon Kalifoniya yana bayan na Nijeriya da sa'a 8, mu kuwa kwana uku kaɗai muka yi da zuwa. Watau ƙarfe 6 na yamma a can, ƙarfe 2 na dare ne a jikinmu. Amma rana ta ruɗe ni, gama a watan Yuli ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 8. Na kuma tuna da kuɗin da ƙanena ya kashe, gama tikitin mutum ɗaya ya haura dala 100. Na ce a raina, wa ya san ko za mu sake zuwa har abada? Sai na ce mata, "Bari dai mu ga wasan wuta, daga nan sai gida." Ƙanena ya ce, "Yaya, yadda ka ce haka za a yi." Ni ne babba, maganata ce ta tsaya.

Ƙarfe 9 da rabi aka rage fitilu, kiɗa ya tashi, wuta ta fara fashewa a bisa fadar nan, ja da kore da ruwan zinariya. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin yana da kyau ƙwarai. Ɗana yana bisa kafaɗata, amma da na waiwaya in tambaye shi ko yana gani, ashe barci ya riga ya sace shi.

A nan ne na yi kuskure na biyu. Da wasan wuta ya ƙare, dubban mutane suka nufi ƙofa, layukan da muka sha wuya a kansu da rana suka gajarce. Ran nan sai ƙarfe 12 na dare za a rufe, wanda kuwa ya riga ya shiga layi kafin lokacin, ana barinsa ya hau. Ga shi kuma barcin da nake ji ya watse, gama gari ya fara wayewa a gida, jikina yana tsammani safiya ce. Na ce, "Ɗaya kawai." Ɗaya ta zama uku. Uwargida ta zauna a benci da yaro a cinyarta, ba ta ƙara ce mini uffan ba. Bayan an rufe ma, kantunan babban titin nan suna ƙara sa'a guda a buɗe, muka tsaya sayen tsaraba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

A kan hanya

Gidan ajiye motocin wurin bene ne mai hawa da yawa, yana ɗaukar mota fiye da 10,000. Da safe muna cikin ɗoki, ba wanda ya lura da hawan da muka ajiye tamu. Muka yi ta hawa da sauka, ina saɓe da yaro, kafin mu same ta. Ƙarfe ɗaya ta wuce sa'ad da muka hau babbar hanya, gidan ƙanena kuwa tafiyar fiye da sa'a guda ce.

Kowa ya yi barci a baya. Ni ma da nake gaba kaina ya fara rinjaya. Ba zato sai na ji ƙafafun mota suna gurnani, gurrr! A gefen manyan hanyoyinsu akwai wasu tsage-tsage da aka yi a kwalta musamman domin su farkar da direban da ya kauce. Ƙanena ya zabura ya daidaita mota. Ya ce, "Yaya, idona ne ya rufe." Mutumin nan ya yi sa'a 19 bai runtsa ba, domin kawai ya faranta mini rai. Muka ratse a wani gidan mai, ya wanke fuska, ya sha kofi, ya ɗan kishingiɗa na minti 20. Sauran hanyar duka na yi ta jansa da hirar ƙuruciyarmu don kada ya sake gyangyaɗi. Da muka tsaya a ƙofar gida wajen ƙarfe 3, na ji uwargida a baya ta ce a hankali, "Ubangiji, mun gode." Ashe ba barci take yi ba.

Safiya ta zo karɓar bashinta

Ƙarfe 6 da rabi ƙararrawa ta kaɗa. Kaina kamar an ɗora dutsen niƙa. Uwargida da yara cikin minti kaɗan suka shirya, gama komi nasu yana rataye tun Jumma'a. Ni kuwa rigata tana cikin akwati a cukurkuɗe. Ina guga, ina neman alƙalami, ina duban agogo. Ɗana ya zauna a ƙasa yana kuka wai ba zai sa takalmi ba, ƙafarsa tana ciwo. Na daka masa tsawa irin wadda ban taɓa yi masa ba. Gidan ya yi tsit. Addu'ar safe da muka saba yi tare, ran nan ba a yi ta ba.

Mun shiga majami'a ana waƙar farko. Da fasto ya kira ni, na tsaya a gaban jama'a hannu wofi. Ina da labarai masu yawa da ya kamata su ji: zumuntar mata da take ciyar da gwauraye, masu bishara da suke aiki a ƙauyuka da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, 'yan'uwa da suka rasa gidajensu amma ba su rasa bangaskiya ba. Ko ɗaya bai fito daidai ba. Na maimaita gaisuwa sau biyu, na kama wannan na saki, na zauna kafin minti huɗu. Ana tsakiyar wa'azi sai na ji gwiwar hannun uwargida a haƙarƙarina. Baƙon da ya kawo gaisuwar ikkilisiyar Nijeriya yana minshari a layin gaba!

A mota 'yata ta ce, "Baba, jiya mun tashi tun da duhu, kowa yana murna. Me ya sa yau da za mu gidan Allah kowa yana fushi?" Ban sami amsa ba.

Abin da na koya

Kada mai karatu ya ce ina kushe wasa. Yinin nan kyauta ce daga wurin Allah, yara har yanzu suna zancensa. Raya dare ma a kan kansa ba zunubi ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 20 Bulus ya yi ta jawabi a Taruwasa har tsakar dare, ya ci gaba har gari ya waye, ga shi kuwa yana da tafiya kashegari. Amma ko a can, jiki ya nuna iyakarsa: saurayin nan Aftikos barci ya kwashe shi a taga, ya faɗo daga bene na uku. In barci bai ji kunyar wa'azin manzo ba, ni wane ne? A Markus sura 1 kuma mun ga Ubangijinmu Yesu yana warkar da marasa lafiya bayan faɗuwar rana, duk gari a ƙofar gida, duk da haka ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa domin addu'a. Shi da Bulus sun ba da darensu domin mutane. Ni nawa daren na ba da shi domin "ɗaya kawai", sa'an nan na kai wa Allah ragowar.

Iyayenmu a ƙauye sun san wannan. Ran Asabar da yamma ake wanki, a zuba gawayi a dutsen guga, a ɗebo ruwa, a ware kuɗin baiko, a kwanta da wuri. A wurinsu sujadar Lahadi tun daren Asabar take farawa.

Ga shawarata ga iyalin da za su irin wannan wuri, ko biki, ko wata doguwar hira, alhali da sammako a gabansu. Ku yanka lokacin tashi tun kuna gida, ku faɗa wa yara, gama a tsakiyar daɗi ba a iya yanke shawara mai kyau. Ku shirya kayan safiya kafin ku fita. In abin da kuke so ku gani na dare ne, to, kada ku yi sammakon zuwa, ko kuwa ku huta da tsakar rana. Likitoci sun ce yaron da ya isa makaranta yana bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12, babba kuwa 7 ko fiye. Ku tuna da direba, gama rayukanku suna hannunsa. In ya ji barci, a tsaya. In kuwa dare ya riga ya ƙwace muku, da safe ku sha ruwa sosai, ku ci abinci marar nauyi, ku fita ku sha hantsi, ku ɗan runtsa kaɗan da rana, ku kwanta da wuri. Fiye da duka, ku tsare bakinku, gama mai bashin barci yana da saurin fushi.

Da yammacin Lahadin nan na kira ɗana, na ɗora shi a cinya na ce, "Ka gafarta mini, laifina ne, ba naka ba." Ya ce, "Ba komi, Baba," ya koma wasansa. Na roƙi gafarar ƙanena da ta uwargida. Ita dai murmushi ta yi ta ce, "Maigida, dare mahutar bawa ne." Na kuma je wurin fasto na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya, ya ce in zo taron addu'a na ran Laraba in sake. Wannan karo tun ran Litinin na rubuta abin da zan faɗa, rigata kuwa ta kwana a rataye.